Kyamarar da ke cikin akwatin Baba: a jere ta, ko a sa mata fim?

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, yau batunmu a kan wata haja ce da ba a kasa ta a rumfa, amma tana nan kwance a gidaje da dama na Karakara da Junju da Gaya. Idan aka buɗe akwatin ƙarfen maigida ranar rabon gado, ƙarƙashin manyan riguna da takardun gona akan tarar da wani abu mai nauyi naɗe cikin tsumma, wato kyamara irin ta da mai cin fim, wanda wasu ke ce ma pelikil. Wata ɗan cirani ne ya zo da ita daga Legas ko Kwatano, wata tsarabar Makka ce, wata kuma ta mai hoton gari ce da ke zagaya gidajen biki da suna bisa keke. Yaran gida ba su san ta inda ake buɗe ta ba. In ba a yi sa'a ba, mai sayen tsofaffin ƙarafa ne zai ɗora ta bisa sikeli tare da fasasshiyar tukunya, ya biya kuɗin kilo ya yi gaba.

A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da tara irin waɗannan kyamarori shi ne abin sha'awarsu, kuma sun daɗe suna gardama a tsakaninsu. Wasu sun ce a goge a jere cikin kabad mai gilashi kada a taɓa, domin kowane ƙwarzane rage daraja yake yi. Wasu kuma sun ce abin da aka ƙera don ɗaukar hoto, to a ɗauki hoto da shi. Wannan gardama ba baƙuwa ba ce wurin matanmu. Duk wadda aka yi ma jere ta san akwai kwanon ci akwai kwanon kallo. Samira da kwalla da tangaran da ke jikin bango ba a zuba masu miya, ajiya ce, ranar da ta ɓaci a sauko da su a kai kasuwa. To, ita kyamara a wane ɓangare za a sa ta?

Kafin mu amsa, bari mu tuna yadda aka yi ta shiga akwati. Cikin shekarun 1980 ɗakunan wankin hoto mai launi suka bazu a manyan biranen Afirka ta Yamma. Mai hoton ƙauye yakan jira sai fim ya cika, ya ba direba ya kai birni, amarya ta yi mako ko fiye tana jiran hotonta. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuma da yake fim da takardar hoto da ruwan wanki duk daga waje ake shigo da su, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Sannan kyamarar dijital ta zo, wadda abin mamaki a kamfanin Kodak, sarkin fim, wani injiniya mai suna Steven Sasson ya fara haɗa ta a 1975. Kamfanin AgfaPhoto na Jamus ya karye a 2005. Nikon ya daina ƙera yawancin kyamarorinsa na fim a 2006, Polaroid ya daina yin fim ɗinsa mai fitowa nan take a 2008, shi kansa Kodak ya je kotu a kan ya kasa biyan bashi a 2012. Wayar salula ce ta zo ta ƙarasa aikin.

Sai dai kuma fim bai mutu ba. Matasa a ƙasashen waje sun koma masa, har kamfanoni suka waiwayo. Kodak ya dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018, Leica ya sake ƙera kyamararsa M6 a 2022, a 2024 kuma aka fito da sabuwa fil mai suna Pentax 17, wadda ke fitar da hoto 72 daga fim mai 36. A watan Yuni na 2022 an yi gwanjon wata Leica ta 1923 a garin Wetzlar na Jamus, aka saye ta Yuro miliyan 14.4, wato sama da sefa miliyar 9.

Alhaji, kada ka ji wannan ka je ka ci bashi a kan ta gidanka. Waccan Leica ƴan ƙalilan aka yi irinta, don gwaji. Irin waɗanda suka iso ƙasarmu na talakawa ne, an yi su kamar ƙasa. Pentax K1000 kaɗai, daga 1976 zuwa 1997, an ƙera sama da miliyan 3. Zenit ta Tarayyar Sobiyat, mai nauyi kamar dutsen niƙa, ita ma miliyoyi aka yi. Haja mai yawa haka ba tsufa ne ke ba ta kuɗi ba. Mai saye abu guda zai fara tambaya: tana aiki? Mai aiki tana da farashi, wadda ta ƙage kuwa sai a nemi a karɓa kuɗin goro.

A nan ne misalin jere ya gaza. Samira in an goge ta an ajiye, shekara talatin tana nan yadda take. Kyamara ta fi kama da keken ɗinki. A cikinta akwai ƙananan haƙora da waya mai tsalle da ɗan labulen da ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido, kuma duk da maiko suke tafiya. In ta daɗe ba a motsa ta ba, maikon ya daskare ya zama kamar ƙaro, labulen ya riƙa jan ƙafa ko ya tsaya cak. Soson da ke bakin murfin baya, wanda ke hana haske shiga, yakan narke ya zama baƙin danƙo. In kuma an manta batir a ciki, ya fashe ya ci ƙarfe. Duk telan da ya taɓa barin kekensa damina biyu ya san abin da muke nufi.

Ga kuma yanayin ƙasarmu. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara. Abin alheri ne ga manomi, amma ga gilashin kyamara masifa ce, domin laima da duhu su ne abincin fumfuna. Takan fara kamar saƙar gizo a cikin gilashin, in ta daɗe ta ci fuskarsa, ba mai iya gogewa. Saboda haka mafi munin wurin ajiya shi ne wanda muka fi yarda da shi, wato cikin jakarta ta fata, a ƙulle cikin leda, a ƙasan akwati. Rani ya zo kuma, ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, wani ya ɗauki bakin gyale ya murza gilashin, ya bar masa zane har abada.

Don haka mu dai muna tare da masu cewa a yi aiki da ita. Ko babu fim, a fiddo ta sau ɗaya a wata, a ja hannun a danna, a ja a danna, a juya kowane zobe. A ajiye ta inda iska ke shiga, kusa da ƴan ƙullin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. A cire batir. Kuma don Allah kada a ɗiga mata man keke, balle man gyaɗa. Mai gyaran agogo ya fi mai gyaran rediyo kusa da sanin cikinta, amma shi ma in bai taɓa buɗe irinta ba gara ya bari.

Abu ɗaya da za a kiyaye ranar farko: kada a yi saurin buɗe murfin baya. A fara juya ɗan hannun naɗe fim a hankali, in an ji yana turjewa, akwai fim a ciki. Haske na daƙiƙa guda ya isa ya shafe abin da ke kansa, alhali ta yiwu hoton ƙarshe na wani mamaci ne. A naɗe shi tukuna har ya koma gwangwaninsa.

Akwai waɗanda dole sai jeren. Kodak Instamatic, ƴar ƙaramar nan mai kama da sabulu da ta fito a 1963, manyan kamfanoni sun daina yin fim ɗinta. Irin wannan a goge a sa a kabad, jikoki su gani. Masu cin fim na milimita 35 kuwa, da manyan nan masu ido biyu irin su Rolleiflex da Yashica Mat da ake leƙawa ta sama, har yanzu Kodak da Ilford na Ingila suna yi masu fim.

Ba za mu ɓoye maku ba, ɗaukar hoto da fim a Karakara yau aiki ne na mai haƙuri da ɗan rarar kuɗi. Ba a samun sa a kasuwannin ƙauye, sai an yi saƙo daga babban birni ko ƙasar waje, kuma rufe gadar Gaya da Malanbil da aka yi a 2023 ya wahalar da saƙon da aka saba yi ta Kwatano. Zafi na lalata fim, wanda ya kwana uku a bayan babbar mota cikin rana ya riga ya sha wuya. Mai launi yana son ruwan wanki mai zafin digiri 38 daidai, shi ya sa ake barin sa ga injin. Baƙi da fari ya fi sauƙi, ana iya wanke shi a gida da ruwan magani kala biyu da ɗan gwangwani mai hana haske, sai dai shi digiri 20 yake so, wanda a watan Afrilu sai an haɗa ruwan randa da ƙanƙara. Ba sana'ar da za ta ci da gida ba ce. Amma fim ɗaya a shekara, ranar salla ko ranar auren ɗiya, bai fi ƙarfin ɗan kasuwa ba. Kuma ku tambayi kanku, hotuna nawa suka tafi tare da wayar da ta faɗa rijiya ko aka sace a kasuwa?

Yanzu ga abin da ya fi kyamarar kanta daraja, kuma shi aka fi zubarwa. Kusa da ita cikin akwatin akan samu ambulan cike da ƴan baƙaƙen ledoji masu hoton mutane a juye, fari ya koma baƙi. Shi ne kilishe, ba na ci ba, uwar hoto, wanda daga gare shi ake iya sake fitar da hoto ko sau nawa.

A Bamako an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar ƴan kasuwa da matan gari cikin adonsu. Ya adana dubban kilishensa. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York ba tare da suna ba, aka biyo sawu har Bamako aka same shi, kafin ya rasu a 2001 sunansa ya zagaya duniya, a 2016 kuma aka yi babban baje kolin aikinsa a Grand Palais na birnin Paris. Wanda ya taimaka aka gane shi, Malick Sidibé, shi ma mai hoto ne kuma mai gyaran kyamara, shagonsa na unguwar Bagadadji cike yake da tsofaffin kyamarori a kan kanta. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya ta birnin Benis na Italiya, kuma hotunan da ya ɗauka ne suka jawo masa ita. A Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan hoto 1,000, yau ga su a manyan gidajen tarihi. Inna mai kitso, kin ji inda aikin hannunki ya kai.

Mu ma a Nijar muna da namu. Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano a 1940, ya ɗauki wuraren rawa da shagulgulan matasan Yamai na shekarun 1960 da 1970. Zuwan hoto mai launi ya karya kasuwarsa, ya rasu a Yamai a 2014 ba da dukiya ba, amma duk mai son ganin yadda babban birninmu yake bayan samun ƴancin kai, hotunansa yake nema. Masu hoton da suka zagaya Karakara da kewaye ba su yi suna haka ba, sai dai a cikin ambulan ɗinsu akwai naɗin sarauta, da cin kasuwa, da ɗaurin kallabi da zanen da aka daina yayi, da fuskokin iyayen da jikokinsu ba su taɓa gani ba. In gara ta ci wannan, babu kantin da ake sayo wani.

Adana shi ba wuya. A sa cikin ambulan na takarda, a rubuta suna da shekara in an sani, a riƙe shi ta gefe, a nisanta shi da laima da rana. Wanda aka ji yana warin tsami ya fara ruɓewa, a ware shi don kada ya shafi saura. Ana iya ɗora kilishe bisa farin haske a ɗauke shi da waya, a juya launinsa, hoton ya fito a gane mai shi.

In kuma baƙo ya zo yana taya tsohuwar kyamara, ya ce a haɗa masa da ambulan ɗin a matsayin gyara, ku raba cinikin gida biyu. Bayan rasuwar Seydou Keïta an yi shekaru ana rigima a kan wa ke da mallakar ɗaruruwan kilishensa da aka kai Turai. Kyamara in kun ga riba ku sayar. Kilishe kuwa kada ya bar gida sai an ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya gaban shaidu, an rubuta takarda ko aro ne ko sayarwa, an kuma nemi yardar iyalan matan da ke cikin hotunan.