Kukis Ba Obin, Ba Sukari: Dabino, Gyaɗa Da Cakulan

 Yau kicin za mu shiga, kuma ko ba ku da obin, ku zauna a yi da ku.

Abin da ya kawo wannan shiri shi ne mahaifiyata. Tun da likita ya ce ta rage sukari, sai na lura idan ana shan shayi da biskit tana kawar da kai. Abin ya dame ni. A wajen neman mafita na ci karo da wani biskit na Jamusawa mai kayan ƙamshi, Lebkuchen, wanda birnin Nuremberg ya yi suna da shi, kuma sau da yawa ana lulluɓe shi da cakulan. Su gasawa suke yi. Ni kuwa na ce, to ai citta da kanumfari muna da su, bari in gwada ba gashi.

Me zai riƙe kukis ɗin idan ba fulawa, ba ƙwai, ba wuta? Dabino. Idan aka daka shi yana yin danƙo, shi ke haɗe komai. Gyaɗa ta ba da maiƙo da garɗi, sanyin firij kuma ya ƙarasa aikin da obin zai yi.

Ga kayan: dabino kofi 1 wanda aka cire wa ƙwallo, soyayyar gyaɗa kofi 1, busasshiyar kwakwa rabin kofi, garin citta da na kirfa rabin cokalin shayi kowanne, kanumfari ƙwaya 2 a daka, gishiri ɗan kaɗan, sai baƙin cakulan giram 100. Kanumfari fa a yi hankali, yana da ƙarfi, idan ya yi yawa sai ka ji kamar maganin haƙori kake ci. Gyaɗar kuma a tsince ta da kyau. Duk wadda ta yi funfuna a zubar, domin suya ba ta kawar da gubar da ke cikinta.

Busasshen dabinon da muke saye a kasuwa yana da tauri, don haka a jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar minti 20. A tsame, a goge shi da tsumma mai tsabta. A fara daka gyaɗa a turmi ko blanda, amma kar ta yi laushi har ta fara fitar da mai. A zuba dabino da sauran kayan, a ci gaba har ya haɗe. Ku dunƙula kaɗan a hannu: idan bai wargaje ba, ya yi. A mulmula ƙanana, a danna su yi faɗi, a sa a firij minti 30.

Yanzu ga inda na yi asara karo na farko. Na narka cakulan, na tsoma cokali mai ɗan ruwa a jiki. Wallahi nan take ya dunƙule ya zama kamar tuwo! Dalili kuwa, cakulan mai ne da busasshen gari da sukari. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa sukarin ya manne da juna. Saboda haka kwano da cokali su bushe ƙarau. A ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, kar gindinsa ya taɓa ruwan, a yi ta juyawa a hankali. Idan ya narke, a tsoma kukis ɗin ɗaya bayan ɗaya, a jera a faranti, a mayar firij.

Ajiya ma sai an kula. Man da ke cikin cakulan yana narkewa a kusan digiri 34, zafin Kano ko Sakkwato a watan Afrilu kuwa yakan wuce 40. Idan wuta ba tabbas a unguwarku, ku yi kaɗan wanda za a cinye a ranar, ko ku bari sai lokacin sanyi.

Sai maganar da ta fi muhimmanci. Na ce ba sukari, ina nufin ba mu zuba ba. Amma kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, cakulan ɗin ma yana da nasa, shi ya sa ake neman wanda aka rubuta kashi 70 a jiki. Ribar ita ce akwai furotin daga gyaɗa, kuma ka san duk abin da ke ciki. Mai ciwon suga ya tambayi likitansa tukuna. Haka muka yi, kuma yanzu Mama guda ɗaya take ci da shayinta, ba ta ƙara kawar da kai.

Ku gwada, ku faɗa min yadda naku ya fito. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.