Tsarin fuskar wasa don rage cin zarafi a wasannin intanet

Tsarin fuskar wasa don rage cin zarafi shi ne sauye-sauyen da kamfanonin wasannin bidiyo ke yi wa abin da ɗan wasa ke gani da abin da yake dannawa a kan allo, domin a rage zagi da barazana da tsangwama tsakanin mutanen da ke wasa tare ta intanet. Fuskar wasa ta ƙunshi akwatin hira, maɓallin magana da murya, sunayen 'yan wasa, alamomin nuni, hanyar kai ƙara, da saƙonnin da wasan ke nunawa kafin a fara zagaye da bayan an gama. Hukunci irin na dakatarwa ko kora yana zuwa ne bayan an riga an ci mutuncin wani. Gyaran fuska kuwa yana ƙoƙarin tare abin tun kafin ya faru, ta hanyar sauƙaƙa haɗin kai da wahalar da cin fuska.

Girman matsalar

A wasannin da ake haɗa baƙi a ƙungiya ɗaya, kamar League of Legends, Dota 2, Overwatch da Call of Duty, nasarar kowa tana rataye da wasan sauran. Kuskuren mutum ɗaya yana iya jawo wa duka ƙungiyar faɗuwa bayan an shafe minti talatin ko arba'in ana fafatawa, kuma daga nan ne yawancin zagi ke tasowa. Ga shi kuma ba wanda ke ganin fuskar ɗan'uwansa, sunayen ma na aro ne. A shekarar 2004 masanin halayyar ɗan'adam John Suler ya bayyana yadda ɓoyuwar suna da rashin haɗa ido ke sa mutum ya faɗi a intanet abin da ba zai iya faɗa gaba da gaba ba.

Binciken da ƙungiyar Anti-Defamation League ta Amurka ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 74 cikin ɗari na manyan da ke irin waɗannan wasanni a ƙasar sun taɓa fuskantar cin zarafi, kashi 65 kuma sun gamu da mai tsanani, kamar barazanar duka ko kisa da bibiyar mutum. A wani bincike na 2013, Jeffrey Kuznekoff da Lindsey Rose sun kunna jimloli iri ɗaya da aka naɗa da muryar namiji da ta mace a cikin wasan Halo 3. Muryar mace ta sha munanan maganganu kusan ninki uku na muryar namiji. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa mata da yawa ke kashe makirufo, alhali a wasan ƙungiya wanda ba ya magana yana cikin rauni.

Kamfanin Riot Games, mai League of Legends, ya kafa sashe na musamman kan halayyar 'yan wasa, wanda Jeffrey Lin ya jagoranta. Sashen ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na 'yan wasa ne ke da mugun hali a kullum, kuma abin da suke haddasawa bai wuce kusan kashi biyar na dukan munanan maganganu ba. Sauran daga bakin mutanen da ke wasa lafiya a yawancin lokaci yake fitowa, a ranar da ransu ya ɓaci. Ma'ana, ko an kori masu mugun halin gaba ɗaya, mafi yawan matsalar tana nan. Wannan ne ya karkata hankalin masu tsara wasanni zuwa ga fuskar wasan kanta.

Saitin asali da rufe hanyoyin hira

Saitin asali shi ne yadda wasa ke zuwa kafin ɗan wasa ya taɓa komai, kuma mutane ƙalilan ne ke canza shi. A 2012 Riot ya kashe hira tsakanin ƙungiyoyi biyu masu karawa a saitin asali na League of Legends, ya bar wa mai so ya kunna da kansa. Kamfanin ya ce munanan maganganu sun ragu da fiye da kashi 30 cikin ɗari, kyawawa kuma sun ƙaru da kusan haka. Ba a ƙwace wa kowa dama ba. Abin da ya sauya kawai shi ne mai neman zagin abokin hamayya ya rasa tabbacin cewa akwai mai karanta abin da ya rubuta.

Tun kafin haka, World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ya hana ɓangarorinsa biyu masu gaba fahimtar juna: rubutun ɗan ɓangare ɗaya yana bayyana wa ɗan ɗaya ɓangaren a matsayin harufa marasa ma'ana. Wasu kamfanoni sun rufe dandalin hira na kowa da kowa baki ɗaya. Supercell ya cire nasa daga Clash of Clans a 2019, Blizzard kuma bai sanya shi a Overwatch 2 ba da ya fito a 2022.

Sadarwa ba da rubutu ko murya ba

Wasu wasannin sun taƙaita abin da za a iya faɗa. A Hearthstone, wasan kati na Blizzard da ya fito a 2014, abokan karawa da ba su san juna ba ba sa iya rubuta wa juna komai. Saƙonni shida aka shirya musu: gaisuwa, yabo, godiya, ban haƙuri, amsa kuskure, da barazanar wasa. Akwai kuma maɓallin toshe su duka. Nintendo ya fitar da Splatoon a 2015 ba tare da hirar murya ba, kuma ɗaya daga cikin daraktocinsa, Yusuke Amano, ya danganta hakan da zagin da shi kansa ya sha a wasannin intanet.

Journey, wanda kamfanin thatgamecompany ya fitar a 2012, ya fi su tsanantawa. Matafiya biyu suna haɗuwa a cikin hamada ba tare da ganin sunan juna ba sai a ƙarshen wasan, kuma ba su da hanyar magana sai wani ɗan sauti. Mai tsara wasan, Jenova Chen, ya ba da labarin cewa a lokacin gwaji ana iya ture juna, sai masu gwajin suka riƙa tura junansu cikin rami. Da aka cire turewar, abin da ya rage da mutum zai iya yi wa abokin tafiyarsa shi ne taimako.

Misalin da aka fi kwaikwaya shi ne na Apex Legends, wanda kamfanin Respawn ya fitar a watan Fabrairun 2019. Da maɓalli ɗaya ɗan wasa yana nuna maƙiyi, ko makami, ko inda za a nufa, sai jarumin da yake sarrafawa ya faɗi saƙon da baki, alama kuma ta bayyana a allon abokansa. Ana kiran wannan tsari ping. Respawn ya ce ma'aikatansa sun shafe wata guda suna gwada wasan da makirufo a kashe da sunayen bogi, don su tabbatar baƙi za su iya haɗa kai a haka. Fortnite ya ƙara makamancinsa cikin makonni. A 2021 kamfanin Electronic Arts ya ba kowa izinin amfani da haƙƙin mallakar wannan fasaha kyauta. Amfaninta ya wuce rage zagi, domin tana taimakon kurame, da waɗanda harshensu ya bambanta, da wanda ba ya son a ji muryarsa.

Yabo, tunatarwa da bayanin hukunci

Wata hanyar ita ce a sa kyakkyawan hali ya zama abin da ake gani. Riot ya ƙara tsarin karramawa a League of Legends a 2012, inda bayan zagaye ɗan wasa ke yaba wa wanda ya nuna haƙuri ko haɗin kai, ya kuma sake masa fasali a 2017. A watan Yunin 2018 Overwatch ya kawo nasa tsarin yabon, tare da hanyar da mutum zai zaɓi irin ƙungiyar da yake nema. Bayan 'yan makonni daraktan wasan, Jeff Kaplan, ya sanar cewa wasannin gasa da aka samu zagi a cikinsu sun ragu da kashi 26.4 cikin ɗari a nahiyoyin Amurka, da kashi 16.4 a Koriya ta Kudu.

Riot ya kuma gwada sanya gajerun tunatarwa a allon jira kafin fara zagaye, misali cewa abokin wasa yana ƙara rikicewa idan aka zage shi bayan ya yi kuskure. An gano cewa har launin rubutun yana da tasiri a kan yadda saƙon ke aiki. Haka nan kamfanin ya fara tura wa wanda aka hukunta kwafin ainihin abin da ya rubuta, kuma ya ce waɗanda aka nuna musu laifinsu sun fi gyaruwa a kan waɗanda aka dakatar ba bayani.

A 2016 Blizzard ya yi amfani da barkwanci. Idan ɗan wasan Overwatch ya rubuta "gg ez", wato gorin cewa nasarar ta zo da sauƙi, wasan yana musanya rubutun da wata jimla ta yabo ko ta mayar da marubucin abin dariya. Valve kuwa ya ɗaura damar sadarwa a kan hali: tun 2023, wanda makinsa na sadarwa ya faɗi a Dota 2 yana rasa wasu damammaki, har da hirar murya da ta rubutu.

Toshewa, kai ƙara da tazara

Kusan kowane wasa yana da maɓallin toshe muryar wani da na kai ƙara, amma inda aka ajiye su yana da muhimmanci. Wanda ke tsakiyar fafatawa ba zai bi shafuka huɗu don ya toshe mai zaginsa ba, shi ya sa ake sanya su kusa da sunan kowa a allon maki. Wasanni da dama suna sanar da mai ƙara idan an ɗauki mataki, domin mutane suna daina kai ƙara idan suna ganin ba a dubawa. A 2023 Activision ya fara amfani da manhajar ToxMod ta kamfanin Modulate a Call of Duty, wadda ke sauraren hirar murya tana miƙa wa ma'aikata abin da ta ga ya saɓa ƙa'ida.

A wasannin da ake sanya tabarau na musamman mutum ya ji kamar yana cikin duniyar wasan, cin zarafi yana iya zama na kusantar jiki. A 2016, bayan wata 'yar wasa ta rubuta yadda wani ya riƙa lalubar surarta a wasan QuiVr, masu wasan suka ƙara wata da'irar kariya da ke ɓatar da mai damun mutum daga ganinsa. A watan Fabrairun 2022 kamfanin Meta ya sanya tazarar kusan ƙafa huɗu tsakanin surorin mutane a Horizon Worlds.

Iyakoki da suka

Tarihin waɗannan sauye-sauye ya nuna cewa duk abin da aka ba 'yan wasa ana iya juya shi ya zama makami. Saƙon ban haƙuri na Hearthstone ya koma na gori, har Blizzard ya cire shi a 2016 ya maye gurbinsa da na mamaki. A Rocket League ana maimaita saƙon yabon mai tare ƙwallo daidai lokacin da ta wuce shi. Supercell ya fara ƙin yarda a toshe alamomin dariya da kuka na Clash Royale, daga baya ya ba da damar a 2016 saboda ƙorafi. A wannan shekarar ce Overwatch ya cire maɓallin guje wa ɗan wasa, bayan an gano ana amfani da shi wajen kauce wa gwanaye, har wani gwani ya riƙa daɗewa bai sami abokan karawa ba. An dawo da shi a 2018, amma don guje wa abokin ƙungiya kawai.

Rufe hira ma yana da nasa farashin, domin ta nan ake ƙulla abota. A 2021 Riot ya sanar zai kashe hira tsakanin ƙungiyoyi gaba ɗaya a League of Legends, sai 'yan wasa suka yi ca, ya taƙaita gwajin ga wasu yankuna. Sharaɗin lambar waya da aka gindaya a Overwatch 2 ya tare mutane da yawa masu layin da ake saka wa kati, dole Blizzard ya sassauta shi cikin kwanaki. Masu suka suna ƙara da cewa maɓallin toshewa yana ɗora nauyi a kan wanda aka zalunta, sauraren murya yana taɓa sirrin mutane, kuma yawancin alƙaluman nasara daga kamfanonin kansu suke fitowa.

Akwai kuma batun harshe. Matatun kalmomi da manhajojin sauraren murya suna aiki ne da harsunan da aka horar da su a kai, kuma ToxMod da Ingilishi ya fara a Call of Duty. Zagi da harshen da ba a horar da manhaja a kansa ba yana iya wucewa ba a kama ba. Hanyoyin da ba su dogara da kalmomi ba, irin su ping da saitin asali, suna aiki iri ɗaya ga mai kowane harshe.

Saboda babu hanya ɗaya da ta wadatar, manyan wasanni suna haɗa gyaran fuska da hukunci da ma'aikatan sa ido. A 2017 aka kafa ƙawancen Fair Play Alliance domin kamfanoni su riƙa musayar abin da suka koya, kuma a 2020 ƙawancen da Anti-Defamation League suka fitar da jagora ga masu tsara wasanni kan gane nau'o'in cutarwa da yi musu tanadi tun daga matakin zane.