Babi na Tara: Kirarin Ɗan Dambe da Tsawar Ɗan Karate

Duk wanda ya taɓa halartar dambe a ƙasar Kontagora da kaka, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, 'yan mahauta suka sami sukuni, ya san ba da naushi ake buɗe wasa ba. Sai mai kalangu ya taɓa taken mutum tukuna, tsikar jikinsa ta tashi, ya zabura ya faɗo fili, hannu ɗaure da zare, ya ɗaga shi sama yana tsuma, yana lissafa iyayen gidansa da garuruwan da ya yi kisa, har murya ta dushe. Wanda ya saurari yadda makaɗi Ɗan Anace yake zuga ɗan dambe Shago ya san abin da murya ke yi wa jini.

To, a karate ma, wanda asalinsa tsibirin Okinawa ne, kuma Gichin Funakoshi ya nuna shi a birnin Tokyo a 1922, akwai wata tsawa da suke kira kiai. Sau da yawa nakan ji samari, har da waɗansu masu furfura, suna rantsuwa wai kiran rauhanai ne, wai da ita ake tara aljanun da ke fasa bulo. Subhanallahi! Ina ruwan aljani da huhun ɗan Adam? Hujjarsu kuwa ba ta wuce kukan da Bruce Lee ke yi a majigi ba, alhali shi tarbiyyar kung fu ta Sin ya samu, kuma wancan kuka ado ne na wasan kwaikwayo.

Haƙiƙanin al'amari numfashi ne. Mai faskare, idan ya ɗaga gatari zai sauke a kan kututture, yakan saki wani gajeren nishi ba tare da wani malami ya karantar da shi ba. Abin da Japanawa suka yi shi ne suka mai da wannan ɗabi'a ilmi mai ƙa'ida, suka shar'anta cewa sautin daga ƙasan cibiya zai taso, ba daga maƙogwaro ba, ya fita daidai lokacin da bugu ya sauka, domin naman ciki ya ɗaure, gaɓoɓi su haɗu a kan niyya guda, in ma abokin karawa ya rama a ciki, ya tarar da shi a tamke. Razana abokin gaba riba ce kawai. A jerin motsin da suke haddacewa, wato kata, galibi wuri biyu aka ware mata, kuma alƙalan gasa suna lura da wanda ya tsallake.

Ni dai kirarinmu ya fi burge ni, saboda yana da kalmomi da nasaba da tarihi, kuma 'yan kallo na da rabo a cikinsa. Amma da zarar an ja daga an miƙa garkuwa, sai ɗan dambe ya kame bakinsa, ya bar wa makaɗa da maroƙa surutu.