Shin Ko Kun San? Sayen Hedfon Na Hannu Ga Matuƙin Ƙaramin Jirgi

Shin ko kun san cewa ƙarar da ke cikin ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, irin Cessna 172 da aka fi koyon tuƙi da shi a duniya, takan kai desibel 90, har ta wuce a lokacin tashi? Kamar a zaunar da mutum ne a gindin injin niƙa, a ce masa ya saurari rediyo, kada kalma ɗaya ta kuɓuce masa. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ƙayyade desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1 kacal. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne, masu karɓar sauti, idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Shi ya sa ban ɗauki hedfon a matsayin kayan ado ba, kayan kare lafiya ne.

Shin ko kun san cewa likita yana gwada kunne kafin a ba da lasisi? A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, mai neman lasisin tuƙin kansa dole ya ji magana ta yau da kullum a ɗaki marar hayaniya, daga nisan mita 2, ya juya wa likitan baya. Wanda zai yi tuƙin kasuwanci kuwa da na'ura ake auna shi, kuma ba a so raunin jinsa ya wuce desibel 35 a sautukan da maganar mutum ta fi zama a cikinsu. Ɗalibin da ya yi sakaci da kunnensa a awa 40 na farko na koyon tuƙi, jarinsa yake ci.

Shin ko kun san cewa a da da bututun roba malami yake yi wa ɗalibi magana a sama? A makarantar Gosport ta Ingila aka yaɗa dabarar a 1917, a ƙarƙashin Robert Smith-Barry: malami ya yi magana a bakin bututu, ɗaya bakin yana liƙe a hular ɗalibi. Jiragen sojan Birtaniya da suka fara sauka Kano a 1925 ma ko rufi ba su da shi, matuƙi da iska da rurin inji duk wuri ɗaya suke.

Shin ko kun san cewa koren hedfon ɗin nan da ake gani a kan matuƙa a finafinai, kamfanin da ke yin sa ɗinki ne asalin sana'arsa? David Clark, na garin Worcester a Amurka, a yaƙin duniya na biyu rigunan matse jiki yake yi wa matuƙa jiragen yaƙi, don kada jini ya gangare ƙafa su suma a lokacin juyi. Shi ya ɗinka rigar da Ed White ya sa ya fita sararin samaniya a Yunin 1965, shi kuma ya yi wadda Felix Baumgartner ya sa ya faɗo daga nisan kusan kilomita 39 a Oktoban 2012. Tun shekarun 1970 yake yin hedfon na jirgi. Samfurinsa H10-13.4 ba ya amfani da batir, yana rage ƙara da desibel 23, sabonsa bai kai dala 500 ba, na hannu kuma ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da ya sa nake fifita shi ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne kusan komai a jikinsa ana kwance shi a canza: katifar kunne, ta saman kai, makirufo, waya. Wanda ya shekara ashirin yana aiki, in an sa masa sababbin kaya, sai ya koma aiki garau. Aibinsa dai shi ne yana matse kai, bayan awa biyu ko uku mutum zai san yana ɗauke da shi.

Shin ko kun san cewa hedfon iri biyu ne, mai toshe ƙara da mai kashe ta? Na farko da kauri da matsi yake aiki, kuma ya ƙware wajen tare siririn sauti. Inda yake gazawa shi ne gurnanin nan mai kauri da ke ratsa ƙashi. Ga lissafin. Farfela mai fiffike biyu tana juyi 2,400 a minti, wato tana dukan iska sau 80 a daƙiƙa. Inji mai silinda huɗu a wannan gudun shi ma sau 80 yake fashewa a daƙiƙa. Su biyun suka haɗu a kan sauti ɗaya mai kauri, wanda soso da roba ba sa iya tare shi da kyau. A nan na biyun yake shigowa: ƙaramin makirufo a cikin kofin kunne yana jin gurnanin, na'ura ta ƙirƙiro kishiyarsa nan take, su haɗu su kashe juna kafin su isa dodon kunne.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya samu rajistar mallakarta a Amurka tun 1936, sai dai kayan lantarkin zamanin ba su kai su aiwatar da ita ba. A 1978 Amar Bose, malami a jami'ar MIT, yana cikin jirgi daga Turai zuwa Amurka, rurin inji ya hana shi jin kiɗan da ke kunnensa, ya ɗauki takarda ya fara lissafi. A Disamban 1986 Dick Rutan da Jeana Yeager suka zagaya duniya a jirgin Voyager, kwana 9 ba sauka ba ƙarin mai, da hedfon ɗin gwaji na Bose a kunnuwansu. A 1989 ya shiga kasuwa. Bayansa aka yi Bose X a 1998, A20 a 2010, sai A30 a 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala 1,200.

Shin ko kun san cewa duk lokacin da sabon samfuri ya fito, a lokacin na hannu yake yin araha? Fitowar A30 ta sa masu A20 da dama suka fitar da nasu kasuwa. Amma A20 ɗin ma ba ɗaya ba ne. Akwai marar Bluetooth, akwai na farko da Bluetooth ɗinsa kiran waya kawai yake ɗauka, akwai na 2015 zuwa sama da ke ɗaukar har sautin gargaɗi daga manhajar taswira. A hoto kusan kamarsu ɗaya, a kuɗi kuwa da tazara, don haka a nemi mai sayarwa ya ɗauko hoton akwatin batir da maɓallansa kusa da kusa.

Shin ko kun san cewa za a iya sayen hedfon lafiyayye ƙalau, a je jirgi ya ƙi shiga soket? Wannan shi ne ramin da ya fi cin sababbin masu saye. Ƙananan jirage galibi filogi biyu suke karɓa: mai kauri, milimita 6.35, na ji. Siriri, milimita 5.2, na magana. Da gangan aka bambanta kaurinsu don kada a musanya. Jirgi mai saukar ungulu filogi ɗaya gajere yake karɓa, ana kiran sa U-174. Wasu sababbin jirage suna da soket zagayayye mai ƙafa 6, na LEMO, wanda ke ba hedfon wuta daga jirgin, ba sai da batir ba. Jiragen Airbus kuma mai ƙafa 5 ne nasu. Akwai mahaɗi da ake sayarwa tsakanin wasu daga ciki, amma ƙarin kuɗi ne, ƙarin wurin lalacewa ne kuma. Kafin a biya ko sisi, a leƙa jirgin da za a riƙa tuƙawa a ga ramukansa.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne rarar kayan soja. Za ka ga David Clark kore shar, da araha mai jan rai, ashe H10-76 ne na jiragen soja. Lasifikarsa ba ta kai om 20 ba, alhali rediyon ƙaramin jirgi om 150 zuwa sama yake nema, kuma makirufonsa wani iri ne dabam da rediyon farar hula ba ya ɗauka sai da na'urar daidaitawa. Filoginsa ma irin na jirgi mai saukar ungulu ne, a irin wannan jirgin zai shiga soket lafiya, amma hasumiyar filin jirgi ba za ta ji ka ba. Araha ba ta ado. A karanta lambar samfurin da ke jikin kofin kunne harafi bayan harafi, domin H10-13.4 da H10-13H ma harafi ɗaya ya raba su, na biyun na mai saukar ungulu ne.

Shin ko kun san cewa wanda ya ji sauti a kunne ɗaya kawai, sau da yawa ba lalacewa ba ce? Hedfon mai raba sauti hagu da dama ne aka sa a tsohon jirgi mai layi ɗaya. Akwai ɗan maɓalli a jikin waya ko a cikin akwatin batir, a tura shi, magana ta ƙare.

Shin ko kun san cewa rabin aikin hedfon a katifar kunne yake? Ku ɗauki na hannu ku juya shi a haske. Idan fatar katifar ta fara ɓarewa tana barin baƙin gari a yatsa, ko soson ya kwanta ba ya tasowa in an danna, ko mai ruwan jel ce ta tsage tana danƙo, to ƙara za ta sami hanya, ko da kuwa na dala dubu ne. Ko sandar tabarau mai kauri tana ɗaga katifar ta buɗe kafa, shi ya sa matuƙa suke neman tabarau mai siririyar sanda. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne, domin sabuwar katifa da sabon soson makirufo ba su da tsada. Ko da ma tsofaffin suna da kyau, a canza su. Soson nan a bakin wani ya yi shekaru.

A yanayi irin namu maganar ta fi ƙarfi. Ɗalibin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, in ya zauna a Diamond DA40 mai rufin gilashi a watan Afrilu yana jiran izinin tashi, gumi har wuya. Gumi da zafi suna cin fatar katifa da wuri, ƙurar hunturu kuma tana cika soson makirufo. Rigar auduga da ake sa wa katifar tana shan gumi, ko da yake takan ɗan rage toshewa. Kada a bar hedfon a cikin jirgi ko a mota a rana. Akwai kuma irin da ake cusawa cikin kunne, kamar Clarity Aloft, marar nauyi, marar zafi. In an saye shi na hannu, sabon soson cusawa shi ne abu na farko.

Shin ko kun san cewa Sennheiser, duk da sunansa a harkar sauti, ya janye daga yin hedfon na matuƙa a 2016? Kayansa masu kyau ne, suna yawo a kasuwar hannu da sauƙin kuɗi, amma ranar da waya ta tsinke, neman madadinta aiki ne. Tambayata ta farko a kan kowane tsohon samfuri ita ce: har yanzu ana samun kayan gyaransa? In amsar a'a ce, to ko da rabin kuɗi ne ba na ba da shawara.

Shin ko kun san cewa akwatin batir yana tona asirin yadda aka riƙe hedfon? A buɗe murfin. Farin gari ko kore-kore a kan ƙarafan yana nufin an bar batir ya zube a ciki, kuma ruwan yakan bi waya ya shiga allon lantarki. A20 da batir biyu ƙanana na AA yake aiki, suna kai shi kamar awa 45. In suka mutu a sama ana ci gaba da ji da magana, sai dai gurnanin inji ya dawo, kuma irin waɗannan marasa matsi ba su kai koren nan tare ƙara ba in babu wuta. Batir biyu na ajiya a jaka wajibi ne.

Gwajin gaskiya a cikin jirgi ake yin sa, inji yana aiki. A sa makirufo dab da leɓe, har ya kusa taɓawa, a yi magana a ji muryar kai tana dawowa kunne tas. A kama wayar a gindin filogi da inda ta shiga kofin kunne, a lanƙwasa ta a hankali ana saurare. In sauti yana yankewa ko yana ƙaraf-ƙaraf, waya ta karye a ciki. A kunna mai kashe ƙara, a juya kai hagu da dama, a buɗe baki: in an ji fito ko bugu kamar ganga a kunne, ko katifa ce ko na'urar ce ta gaji. A kira hasumiya a nemi gwajin rediyo. Amsar da ake so ita ce biyar, wato ana jin ka sarai, a ma'aunin da ya tashi daga 1 zuwa 5.

Shin ko kun san cewa Lightspeed na jihar Oregon yana ba Zulu 3 garantin shekara 7, wayarsa kuma an ƙarfafa ta da zaren Kevlar? A 2022 ma ya fito da Delta Zulu mai shinshino iskar kabon monoksaid, gubar nan marar wari da kan kutso ɗakin matuƙi in bututun hayaƙi ya tsage. Mai sayen na hannu ya nemi rasit da lambar jikin kayan, ya tambayi kamfanin ko garantin yana bin mai shi na biyu. Rasit ɗin yana kuma raba mutum da kayan sata, domin hedfon mai tsada yana cikin abin da aka fi ɗaukewa a jiragen da ke ajiye.

Shin ko kun san abin da matuƙi yake yi in magana ta yanke masa ɗungum a sama? Ya fara duba filogi da maɓallin ƙara murya, ya gwada soket ɗin kujerar dama, ya ɗauki hedfon ɗin fasinja. Yawancin Cessna 172 suna da lasifika a rufi da makirufon hannu don irin wannan rana. In duk sun ƙi, ya sa lamba 7600 a na'urar da ke nuna shi a rada, hasumiya ta san ba ya ji, ta koma yi masa magana da fitila: ja tsayayye, ya ba wani hanya ya ci gaba da zagaye, kore tsayayye, an ba shi izinin sauka.