Mazari da Kurkuɗu: Mafarauta Biyu, Gida Daban

Duk wanda ya bi ta fadamar Kwalkwalawa a bakin kogin Rima da damina, zai ga mazari yana shawagi bisa ruwa. Wanda kuwa ya duba gindin katanga ko inuwar dogon yaro cikin birnin Sakkwato da rani, zai tarar da ƙananan ramuka cikin rairayi, masu kamar mazurari. Wannan aikin kurkuɗu ne. Dukansu ƙwari ne masu cin 'yan'uwansu ƙwari, amma muhallin kowanne shi ya tsara masa dabarar farauta.

Mazari, na rukunin Odonata, a ruwa yake ƙuruciyarsa. Ɗansa yana da dogon leɓen ƙasa mai ƙugiya, wanda yake naɗewa ƙarƙashin kai. Da tsutsar sauro ta gitta, sai ya harba leɓen ya cafke ta kafin ƙiftawar ido. Ta dubura yake numfashi: yakan zuƙi ruwa, in kuma ya ji tsoro ya feso shi da ƙarfi ya yi gaba. Da yake kududdufi ba ya daɗewa a ƙasarmu, nau'in da ake kira Pantala flavescens kan gama girma cikin kamar wata 2.

Shi kuwa kurkuɗu, na dangin Myrmeleontidae, ɗa ne na wani ƙwaro mai fiffike 4 da ke tashi da dare. Da baya-baya yake tafiya yana kewayawa har ya haƙa rami, sa'an nan ya ɓuya a ƙasansa. In tururuwa ta faɗa, rairayi ya zame da ita. In ta nemi fita, ya watsa mata ƙasa da ka. Yakan soke ta da muƙamuƙi, ya zuba mata ruwan da ke narkar da cikinta, ya tsotse, ya jefar da ɓawon. Abinci ba kullum ba ne a rairayi, saboda haka yana iya jure yunwar makonni.

To, ina ruwanmu? Ɗan mazari na cikin masu rage tsutsar sauro, mai kawo zazzaɓi. Maganin ƙwarin da ake fesa wa albasa da shinkafa a fadama, in ya gangara ruwa, har shi yake kashewa, alhali kuwa sauro ya fi shi saurin hayayyafa. Ya kamata malamai su fita da ɗalibai su ƙirga waɗannan halittu a wuri guda kowace shekara, domin raguwar mazari alama ce ta cewa ruwan ya soma gurɓata.