Abin da muka tarar da muka koma duba rumbun bayanan da muka gina

Ranar da muka miƙa aikinmu har hoto muka ɗauka. Mu biyar ne, 'yan aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta, kuma aikin da aka ba mu shi ne mu nemi wurin da har yanzu ake ajiye bayanai a takarda, mu gina masa rumbun bayanai na kwamfuta. Muka zaɓi laburaren wata makarantar sakandare, inda biyu daga cikinmu suka yi karatu. Mako takwas muka yi muna fama, muka ɗora manhajar a kwamfutar laburaren, malamin da ke kula da wurin ya sa mana albarka, muka dawo jami'a muna jin mun yi bajinta.

Sai malaminmu ya ce rabin maki kawai zai ba mu. Sauran rabin sai mun koma bayan wata uku, mun zauna da masu amfani da abin, mun rubuto masa duk abin da muka tarar, mai daɗi da marar daɗi. A lokacin mun yi ta gunaguni. Yau kuwa da muka samu damar rubuta wa ƙannenmu na sakandare wani abu, labarin wannan komawar muka ga ya fi dacewa mu ba ku.

Mene ne rumbun bayanai?

Ku tuna rajistar ajinku: kowane ɗalibi da layinsa, kowane layi da gurbin suna da na halarta. Rumbun bayanai irin wannan rajista ce a cikin kwamfuta, sai dai jadawalinsa ya fi ɗaya, kuma an ƙulla su da juna. Namu jadawali uku ne: na ɗalibai, na littattafai, da na aro, wanda ke nuna wa ya ɗauki wane littafi da ranar da zai dawo da shi. Wani masani ɗan Ingila mai suna Edgar Codd ne ya fito da wannan tsari na jadawalai masu alaƙa a shekarar 1970, lokacin yana aiki da kamfanin IBM a Amurka. Da irin wannan tsari bankuna ke riƙe asusun jama'a, kuma ko wayar zamani da ke gidanku tana amfani da wani ƙaramin rumbu mai suna SQLite wajen adana saƙonni da lambobin waya. Mu da MySQL muka gina namu.

Bashin littafin da ba a ara ba

Abu na farko da muka ji da isarmu shi ya fi tayar mana da hankali. Wata ɗaliba 'yar aji shida ta je neman sa hannun laburare domin a sallame ta bayan jarrabawar ƙarshe, aka ce ba za a sa ba, domin kwamfuta ta nuna akwai littafin ilmin sinadarai a hannunta. Ta rantse ba ta taɓa ɗaukarsa ba, ita ba ma 'yar ajin kimiyya ba ce. Aka ce ko ta kawo littafi ko ta biya kuɗinsa. Mako guda tana safa da marwa, har mahaifinta ya fara neman kuɗin.

Da muka buɗe jadawalin sai gaskiya ta fito. Akwai wata 'yar aji huɗu mai suna iri ɗaya da nata, har sunan uba, kuma ita ce ta ari littafin. Mu kuwa da suna muka ƙulla jadawalin ɗalibai da na aro, don haka kwamfuta ta ɗauke su mutum ɗaya. An koya mana a aji cewa kowane layi sai an ba shi lambar da babu mai irinta, har mun amsa tambayar daidai a jarrabawa. Amma lokacin gwaji sunaye 20 muka ƙirƙiro, duk mabambanta, ba mu ga matsala ba, sai muka wuce. Mun manta cewa a garuruwanmu ana iya samun Fatima Abubakar uku a makaranta ɗaya. Dalilin ke nan da ya sa ake ba kowane ɗan ƙasa lambar NIN mai alƙaluma 11 wadda ba a ba mutum biyu, JAMB ma take ba kowane mai jarrabawa tasa lambar.

Muka sauya tsarin ya koma kan lambar shiga makaranta. A ranar aka sa wa yarinyar hannu, mu kuma muka ba ta haƙuri, domin kuskurenmu ne ya sa aka yi mata kallon maƙaryaciya.

Ganɗoki ya ɓace

Malamin Hausa ma ya zo da nasa ƙorafin. Ɗalibai suna neman Ganɗoki, kwamfuta tana cewa babu, alhali ga littafin nan a kan kanta. Muka duba, sai muka ga an adana shi a matsayin "Gan?oki". Iliya Ɗan Maiƙarfi kuma ya koma "Iliya ?an Mai?arfi". Ashe mun bar rumbun a kan tsohon tsarin haruffa da aka yi domin harsunan Yammacin Turai, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Tsarin da ake kira UTF-8 shi ne ya san su. Sauya saitin bai ɗauke mu minti biyar ba, amma sunayen da suka riga suka lalace sai da muka sake buga su ɗaya bayan ɗaya, domin harafin da ya zama alamar tambaya ba ya dawowa da kansa. Abin kunyar shi ne dukkanmu da Hausa muka tashi, amma da littattafan Turanci kaɗai muka yi gwaji.

Rajistar takarda ta dawo

A kan teburin malamin laburare muka hango tsohuwar rajistarsa a buɗe, da rubutun jiya-jiya a ciki. Kunya ce ta hana shi gaya mana, sai da muka lallaɓa shi. Ya ce lokacin tara ne yara ke cika wurin, sau da yawa kuma a lokacin babu wuta. Ko da akwai wuta, gurabe 11 muka sa ya cike kafin ya ba da littafi ɗaya, ga layin yara har bakin ƙofa. Shi ya sa yake rubutawa a takarda da niyyar shigarwa daga baya, wani lokacin kuma aiki ya sha kansa. Rumbun da ba a shigar masa da sabon bayani kuwa tsohon labari zai riƙa bayarwa, mutane kuma su yarda da shi tunda kwamfuta ce ta faɗa.

Muka rage guraben suka koma biyu, lambar ɗalibi da lambar littafi, kwanan wata kuma kwamfuta ta sa da kanta. Rajistar ma ba mu kore ta ba. Muka tsara shafinta daidai da na kwamfuta domin ranar da babu wuta.

Sauran kurakurai biyu mu muka gano su da kanmu. Mun tsara a riƙa kwafe bayanai duk ranar Juma'a, amma a cikin kwamfutar guda ake ajiye kwafin, tamkar mutum ya kulle ɗaki ya bar makullin safaya a ciki. Yanzu ana kwafewa a filashi a kai ofishin shugaban makaranta, kuma mun gwada dawo da bayanan daga filashin mun ga yana yi. Sannan mun tarar da kalmar sirri a rubuce a takarda, an manna ta jikin kwamfutar, alhali a ciki akwai shekarun yara da lambobin wayar iyayensu. Tun watan Yunin 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka, amana ce. Muka sauya kalmar, muka goge duk abin da laburare ba ya buƙata.

Akwai kuma abin da ya yi kyau, shi ma mun rubuta shi. A da malamin yana yini yana buɗe shafuka kafin ya haɗa sunayen waɗanda ba su dawo da littafi ba. Yanzu kafin ya gyara zama sun fito.

Yadda muka yi bitar

Tambayoyi huɗu muka rubuta a allo: Me muka yi niyya? Me ya faru a zahiri? Me ya jawo bambancin? Me za mu sauya, wa zai yi, kuma yaushe? Da farko zaman ya so ya zama faɗa, domin duk mun juya kan wanda ya zana jadawalin ɗalibai, shi kuma ya yi shiru ya daina magana. Sai ɗaya daga cikinmu ta tuna mana cewa mu biyar muka ga zanen, babu wanda ya ce uffan. Daga nan muka daina tambayar wa ya yi, muka koma tambayar yaya aka yi ya wuce mu duka. In ana neman mai laifi, kowa ɓoye nasa kuskuren zai yi, kuskuren da aka ɓoye kuwa ba ya gyaruwa.

Kada ku ɗauka 'yan koyo kaɗai ke irin wannan tuntuɓe. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa kusan mutum 16,000 da gwaji ya nuna sun kamu da korona ba su shiga ƙididdiga ba, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Hakan ya jawo jinkiri wajen bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da su.

Ba sai kun shiga jami'a za ku fara wannan ɗabi'a ba. In an dawo muku da takardar gwaji, kada ku tsaya kan maki ku cusa ta a jaka. Ku duba kowace tambayar da kuka faɗi, ku gano ko rashin sani ne, ko gaggawa, ko rashin fahimtar tambayar, domin kowanne da maganinsa. In ƙungiyarku ta makaranta ta dasa itatuwa ko ta kafa akwatin ƙorafi, ku sa ranar da za ku koma ku duba tun ranar da kuka gama. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Mu mun riga mun karɓi sauran makinmu, amma mun rubuta wa malamin laburare lambobin wayarmu a bangon rajistarsa, tare da ranar da za mu sake komawa a ƙarshen zango mai zuwa.