Sauya Ƙwaƙwalwar Tsohuwar Kwamfuta: Riba ko Hasara?

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Kebbe ya iske ni nan Tambuwal da mas'ala. Yana da tsohuwar kwamfutar tebur, a cikinta yake lissafin buhuna da bashin da yake bin mutane. Ta yi nauyi ƙwarai, sai mai gyara ya ce a sake mata ƙwaƙwalwa, watau furosesa. Ya tambaye ni, ya biya ko ya haƙura? Da yake malamai da yawa sun tara littattafansu cikin irin wannan na'ura, na ga ya kyautu in ba da jawabi a sarari.

Ku sani, aikin kwamfuta bisa abu uku yake. Furosesa kamar almajiri ce, ram shi ne allonsa, rumbun ajiya kuwa gafakarsa. In allo ƙanƙane ne, kome hazaƙar almajiri sai ya yi ta wankewa yana sake rubutu. In kuma ɗauko takarda daga gafaka yana da wuya, tilas ya zauna jira. To, galibin nauyin tsofaffin kwamfutoci daga allo da gafaka yake, ba daga almajiri ba.

Bayan wannan, kowace furosesa tana da gurbinta a jikin babban faifan na'ura, kamfanin Intel kuwa ya saba sauya gurbin. Core 2 Duo ta 2006 a gurbin LGA775 take zama. LGA1155 ya fito a 2011, ba ya karɓar kowace furosesa sai ta tsara ta 2 da ta 3. LGA1150 ya biyo baya a 2013. Ashe mai tsohon faifai ba zai sami sabuwar ƙwaƙwalwa ba, sai tsohuwa sa'ar tasa. Ga shi kuma ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa ta kullum daga Windows 10, Windows 11 kuwa galibi ba ta yarda da furosesar Intel da ba ta kai tsara ta 8 ba, wadda ta fito a 2017. Ba sauyin da zai kai faifan 2011 wannan matsayi.

Amma akwai wuri biyu da sauyi yake da fa'ida. Na farko, mai i3 ya sami i5 ta tsararsa da araha, domin galibi i3 ta wancan zamani ma'aikata 2 ke cikinta, i5 kuwa 4. Na biyu, mai faifan AMD na gurbin AM4, wanda ya fito a 2016, domin faifai da yawa na wannan gurbi suna karɓar Ryzen har jerin 5000 in an sabunta BIOS ɗinsu. Ko a nan ma a lura, babbar furosesa takan fi shan wuta da zafi, ga zafin bazararmu, ga tsadar man janareta. Kuma in hannu ya lanƙwasa ƙananan allurai na gurbin, an yi gyaran gangar Auzinawa.

Ga abin da na faɗa wa baƙona. Kafin kome, ya kwafe lissafinsa a wani wuri dabam, domin na'ura tana da madadi, littafin bashi ba shi da shi. Sa'an nan a hure ƙurar hunturu daga fankarta, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa. Sa'an nan a cire tsohon rumbu mai juyawa a sa SSD, a kai ram gigabayit 8. In an yi waɗannan duka ba ta saki ba, ya riƙe kuɗinsa ya tara, ya sayi wata mai tsara ta 8 ko sama da haka.